Kunyar Ɗan Fari a Gaban Kwamiti

Ni ɗan fari ne. Saboda haka duk wanda ya zauna kusa da ni ya fara yabon kunyar mutanen da, wai su ne suka san mutunci, sai in ce masa ya ja tabarmarsa ya matsa can. Na san kunyar nan ciki da bai, don a kaina ta ƙare.

Mu Fulanin gida ne, a wani ɗan ƙauye kusa da Yako. Kakanninmu sun ajiye sanda sun ɗauki fartanya tun kafin a haifi babana. Fulatancin ma na gaisuwa da na zagi kawai ya rage a bakinmu, amma kunya kam ba a zubar da ko ƙwaya ɗaya ba. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya ɗaukarsa, ba ya cin abinci da shi, ba ya yabonsa, in an tambaye shi ba ya cewa nasa ne. An ce ranar sunana babana gona ya tafi ya wuni, kamar a gidan maƙwabta ake bikin. Inna ma haka take, sai dai ita in ba kowa takan tura mini ƙosai da gefen ƙafarta. Da aka yaye ni sai aka miƙa ni ga Goggo, yayar babana, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida. A ɗakinta na girma. Tsakanin ɗakin da turakar babana bai kai taku ashirin ba, amma in yana so a kai jaki rafi sai ya ɗaga murya ya ce wa Goggo a gaya wa wancan. Wancan ɗin ni ne, kuma sau da yawa ina tsaye a gabansa yake faɗa.

Bokon ma ba don ana sona da alheri aka sa ni ba. Mai unguwa aka ce ya kawo yara, kowane gida ya nemi wanda zai iya rabuwa da shi, namu gidan ya ba da ni. Sai abin ya zo ya karɓe ni. Na yi elemantare a Kiru, aka wuce da ni babbar firamare, lissafi da Turanci suka zauna mini a kai. A can ne na fara jin babban mutum ya kira sunana da ƙarfi a gaban jama'a, ya ce na yi ƙoƙari. Hedimastanmu ne, wani dogo mai saurin fushi. Ranar farko da ya yi haka sai da na waiga ina neman wanda ake nufi.

Wannan duk a shekarun nan ne na kafin mulkin kai, lokacin da kaka in ta yi ba ka jin komai a tashar jirgi sai ƙamshin gyaɗa. Na ci jarrabawar shiga sakandaren gwamnati, amma da aka zo duba mu sai aka ce na yi girma, wai gashin baki ya fara tsiro mini. Ina laifina? Sai da na iya kiwon awaki aka tuna da ni aka kai ni aji ɗaya. Na koma wurin hedimasta ina hawaye. Ya daka mini tsawa ya ce in share fuskata, sannan ya ba ni labarin wata makarantar kuɗi a Sabon Gari, a Kano, wadda wasu 'yan kasuwa mutanen Kudu suka haɗu suka gina wa 'ya'yansu. Ya ce suna son su ɗauki 'yan Arewa ko kaɗan ne, kuma yaron da ya ci jarrabawarsu, in aka tabbatar iyayensa ba su da hali, ana ɗauke masa kuɗin karatu da na abinci. Sharaɗin ɗaya ne. Uban yaro zai zo da kansa gaban kwamitin makarantar, a yi masa tambayoyi a ga halin da yake ciki.

Shi ya cike mini fom, shi ya biya mini kuɗin jirgi na je na rubuta jarrabawar. Na ci. Takardar ta iso gare ni ta hannun mai kula da wasiƙu a tashar Yako, na sa ta cikin riga ina yawo da ita har gumi ya fara cin gefenta. Kuɗin da aka rubuta a ciki na shekara ɗaya, ko babana ya sayar da gyaɗarsa duka ya haɗa da jakin, ba zai kai ba. Gona ɗaya gare shi, da rumbun da ba ya kai mu wata kakar. In ba a ba ni taimakon nan ba, karatuna ya ƙare, wannan kowa ya sani.

Da maganar zuwa gaban kwamiti ta taso, ko tattaunawa ba a yi ba. Ina aka taɓa ganin uba ya bi ɗan fari har birni yana nema masa abu? Baffa ne zai je, wan babana.

To, bari in gaya muku waye Baffa. A Dangora yake zaune, yana awon gyaɗa a bakin tasha, yana saye wa wani attajirin Kano. Shi ne na farko a danginmu da ya rufa ɗaki da kwano, shi ne mai keke, shi ne mai agogon hannu. Agogon kuwa tun da na san shi bai taɓa motsi ba, amma in ana magana sai ya ɗaga hannun riga ya duba shi yana gyaɗa kai. Mutum ne da in ya ci nama sai ya fito ƙofar gida ya yi sakace. Manoma suna gaishe shi da ladabi, in ya juya su tofar da yawu, don sun san abin da babban yatsansa yake yi a jikin sikeli.

Ranar tafiya ya iso tasha cikin babbar riga mai aiki har ciki, da hula sabuwa, turare kuwa tun daga nesa yake shelar zuwansa. A cikin jirgi na durƙusa kusa da shi na yi masa bayani a hankali, na ce mutanen nan so suke su ji ba mu da shi, in suka ga alamar muna da shi ba za su taimaka ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ashe boko ya kai ni har in koya masa magana da manya. Ya ce shi da yake zama da Kwara, Larabawan nan 'yan kasuwa, da Turawan kanti, ni ne zan gaya masa abin da zai faɗa? Na koma wurina ina kallon karan dawa yana wucewa ta taga.

Ɗakin kwamitin ba shi da girma. Mutum uku ne a bayan tebur, na tsakiyar shi ne shugaban makarantar, wani dattijo mai tabarau da furfura a gefen kai. A gefe ga akawu, saurayi, haifaffen Sabon Gari, shi ne tafinta. Hausarsa ta kasuwa ce, tana fita tar. Baffa ya shiga yana baza riga, ya zauna a kujera tun kafin a nuna masa, ya zaro goro fari manya ya jera musu a tebur.

Aka tambaye shi ko ni ɗansa ne. Ya ce ɗansa ne mana. A wurinmu wannan ba ƙarya ba ce, ɗan ƙanenka ɗanka ne, kuma ban ga laifin wannan amsar ba. Sai aka tambaye shi sana'arsa. Nan fa aka kunce bakin buhu. Ya faɗi yawan gyaɗar da take bi ta hannunsa a kaka, ya faɗi kwanon ɗakinsa, ya faɗi keken, ya ce yana shirin sayen rediyo, har da shanun da suke hannun wani Bafulatani a dajin Doguwa, waɗanda ni dai ban taɓa ganin ko kofatonsu ba. Akawu yana fassarawa, alƙalamin shugaba yana tafiya. Da aka tambaye shi ko biyan kuɗin makaranta zai yi masa nauyi, sai ya yi dariya ya duba mataccen agogonsa.

"A zuriyarmu ba a taɓa yin wanda ya miƙa hannu ba," in ji shi.

Na miƙe na fara magana da Turanci, ina so in ce ba shi ya haife ni ba. Shugaba ya ɗaga mini hannu, ya ce a makarantarsa yaro ba ya sa baki in ubansa yana magana. Suka yi ƙus-ƙus, sannan aka gaya mana an ɗauke ni, ana taya mu murna, amma taimako na marasa hali ne, ba na irinmu ba. In zo da kuɗina cif ranar buɗe makaranta. Baffa ya yi musu godiya da hannu biyu, ya fito yana murmushi kamar wanda ya ci shari'a.

Sai da jirgi ya wuce Madobi na sami ƙarfin halin tambayarsa ko shi zai biya, tun da ya ce ba nauyi. Ya juyo da mamaki a fuskarsa, wallahi mamaki na gaske.

"Ni na haife ka?"

Bakin nan dai da ya ce ni ɗansa ne da hantsi, shi ne ya faɗi wannan kafin la'asar. Ya ce yana da nasa bakunan da yake ciyarwa, ya ce ai an fita kunya, an nuna wa baƙi mu ba matsiyata ba ne, wannan ya fi kowace takarda. Daga nan ya sassauta murya ya ce in na ga karatun bai yiwu ba, ga wuri a bakin sikeli, da ma yana neman mai rubuta masa buhuna. Har yau ban sani ba ko wautar son girma ce ta sa ya yi abin da ya yi, ko tun daga gida ya shirya samun akawun da ba sai ya biya ba. Na fi karkata ga na biyun, Allah ya yafe mini in na zalunce shi, amma ban jin na zalunce shi.

Ban haƙura ba. Na taka har wurin hedimasta na zayyana masa komai. Ya zagi Baffa zagin da ba zan rubuta ba, sannan ya zaunar da ni na rubuta wa shugaban makarantar wasiƙa da hannuna. Na ce wanda ya zo wan ubana ne, ubana na gaskiya manomi ne, ba shi da komai sai gona da jaki. Hedimasta ya ƙara nasa layin a ƙasa ya sa hannu. Bayan kwana goma sha wani abu amsa ta zo, gajeriya. Shugaba ya ce abin ya ba shi mamaki, amma zai ba ni dama sau ɗaya. In kawo uban nawa ranar da kwamiti zai sake zama, ya faɗa da bakinsa cewa ni ɗansa ne kuma ba shi da halin biya. In ya faɗa, an gama.

Magana biyu ke nan. Ɗana ne. Ba ni da hali. Yaron goye ma zai iya faɗarsu.

Ni ba ni da bakin yi wa babana wannan magana, sai ta hannun Goggo. Na karanta mata wasiƙar na fassara, ta riƙe haɓa ta ce wannan abu da wuya, mutanen nan ba su san abin da suke nema ba. Na ce mata in bai je ba, to, ta sani a bakin sikelin Baffa zan tsufa. Goggo ta tsani Baffa fiye da yadda na tsane shi, tun wata rigimar gado da ba ta shafi wannan labari ba. Ta ɗaura ɗankwali ta nufi turaka. Ina jiyo muryarta tana hawa tana sauka, tasa kuwa ko tari ban ji ba. Kwana uku bai ce komai ba. A na huɗu da safe ina ba jaki ƙaiƙayi sai na ji ya ce wa Goggo a gaya wa wancan ya wanke farar rigar nan.

Ba zan ɓoye ba, na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba. Na wanke rigar nan har hannuna ya yi ja, na sa mata shuni kaɗan, na kai wa mai bugun tufafi. Babana ya sayar da dami biyu na dawa don kuɗin jirgi, dawar da za mu nema da damina mu rasa. Na ce a raina ashe mutumin nan yana sona, kunya ce kawai ta rufe masa baki, kuma ga ranar da zai buɗe shi ta zo. Na sa Goggo ta maimaita masa maganganun nan biyu har sau uku. Ta dawo ta ce ya ji.

Bai taɓa shiga jirgi ba sai ranar. Ya zauna a can ƙarshen tarago ya ba ni baya, ya riƙe bencin da hannu biyu har muka isa Kano. Daga tasha zuwa Sabon Gari bai san hanya ba, kuma ba zai jera da ni ba, ba zai tambaye ni ba. Sai na wuce gaba, shi kuma yana biye da ni daga nesa, yana kallon gefe kamar hanya ce kawai ta haɗa mu. In na tsaya a mararraba sai shi ma ya tsaya ya gyara takalmi.

Mutum ukun nan dai su ne, da akawun. Babana ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, aka nuna masa kujera ya ƙi, ya durƙusa a ƙasa kusa da bango. Ya zaro takardar harajinsa daga aljihu ya miƙa da hannu biyu. Takardar ba ta amfane mu da komai ba, don a zamanin nan ɗan makaranta da sunan garinsu ake rubuta shi, ba da na ubansa ba. Kama kuwa muna yi, amma da Baffa ma ina kama, tsagar fuskarmu duk iri ɗaya ce. Saboda haka komai ya dawo kan bakinsa.

Shugaba ya dube shi da kyau, ya dubi faso a ƙafarsa, na ga fuskar shugaban ta yi laushi. Ya ce wa akawu ya fara da abu mai sauƙi, ya tambaye shi sunan yaron. Akawu ya tambaya. Babana ya kalli bango, ya ce sunan yana cikin takardarsu. Akawu ya yi 'yar dariya ya fassara. Mutum ukun suka dubi juna.

"Baba, yaron nan ɗanka ne?"

Ina jin ƙarar wata motar itace a waje, da yara suna karatu a wani aji. Gumi ya tsattsafo wa babana a goshi, yana bin tsagar fuskarsa yana ɗiga a kan rigar da na wanke.

"Gidanmu ɗaya," in ji shi.

Shugaba ya cire tabarau. Ya ce ba gida ya tambaya ba, a gaya wa dattijon nan ya amsa da i ko a'a, shi ya haifi yaron ko ba shi ba ne. Akawu ya faɗa masa da Hausa ɓaro-ɓaro, yadda ko a kasuwa ba a yi wa babba magana. Na zuba wa bakin babana ido. Na ga ya buɗe shi, ya rufe. Wallahi na ga maganar ta taso masa har maƙogwaro. Sai ya sunkuyar da kai ƙasa, ya yi abin da ubansa da kakansa za su yi in an tsare su haka.

"Yaron wana ne."

Akawu ya juya shi da Turanci kalma da kalma, bai rage ba bai ƙara ba.

Na zube a gaban tebur. Na ce musu al'ada ce, ni ɗan fari ne, a wurinmu uba ba ya amsa ɗan fari a gaban mutane. Turancin da nake taƙama da shi ya watse, ina haɗa shi da Hausa ina in'ina. Shugaba ya tambayi akawu ko ya san da irin wannan al'ada. Shi kuwa gogan, da aka haifa a Kano amma bai taɓa kwana a ƙauye ba, ya ɗaga kafaɗa ya ce ya dai ji mata suna ɓoye sunan ɗan fari, amma bai taɓa jin namiji da gemunsa ya yi musun ɗansa a ofis ba. Da ya ce bai sani ba, da ya fi mini. Na ukun cikinsu, wani mai ƙiba da bai yi magana ba tun da muka shigo, ya jingina da kujera ya tambaye ni nawa na biya tsohon nan ya zo ya yi mini uban haya.

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na juya na fuskanci babana, na dube shi ido cikin ido a gaban baƙi.

"Baba, don girman Allah ka gaya musu. Kalma ɗaya ce."

Ya kawar da kai da sauri kamar na watsa masa ruwan zafi. Abin da ya dame shi a lokacin nan, na rantse, ba makarantar da take kuɓuce mini ba ce. Ɗan fari ne ya kira shi Baba a gaban mutane. Ya miƙe a hankali, ya ɗauki takardar harajinsa daga bakin tebur, ya ninke ta, ya fita neman takalmansa.

Shugaba bai ɗaga murya ba. Ya ce attajiri ya zo ya ce ni ɗansa ne, talaka ya zo ya ce ni ɗan attajirin ne, manya biyu bakinsu ya zo ɗaya, ni kaɗai ne nake faɗin wani abu dabam. Ya ce talauci ba laifi ba ne a makarantarsa, amma ba ya ajiye maƙaryaci ko da kuɗinsa. Ya karɓi takardar da na yi wata guda ina ɗauke da ita a ƙirji, ya ja layi a kan sunana da jan alƙalami, ya sa ta cikin aljihun tebur. Ba na jin haushin shugaban nan sosai. Abin da aka ajiye a gabansa ya auna.

A tasha muka zauna jiran jirgin yamma, babana a wannan bakin benci ni a wancan, wata tsohuwa mai kwandon albasa a tsakaninmu. Na ce, ba tare da na dube shi ba, ya kashe ni ya huta. Na faɗa da ƙarfi yadda zai ji. Can sai ya tashi ya tsayar da mai tallan burodi, ya kunce bakin aljihu ya sayi guda ɗaya, abin da bai taɓa saya ba a rayuwarsa. Ya miƙa wa tsohuwar ya ce ta ba wancan yaron, da alama bai ci komai ba. Tsohuwa ta miƙo mini tana sa masa albarka, wai ga bawan Allah mai tausayin 'ya'yan mutane. Na ajiye burodin a kan benci, a nan jirgi ya zo ya tafi da mu ya bar shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ƙauyenmu ya karɓi labarin. Kafin sati ya zagayo ya zama abin alfahari. Wai an tsare babana a birni, a gaban masu tabarau, an matsa masa lamba har sau uku, amma bai zubar da kunya ba. Dattawa suna zuwa har zaure suna yi masa barka. Baffa ya fi kowa yaɗa labarin, yana ƙara masa gishiri a bakin sikeli, yana cewa ai ƙanensa ɗan halak ne. Ba wanda ya tambaya ina yaron ya kwana. Hedimasta ya sake rubuta wasiƙa, ba a amsa ba, daga baya ma aka yi masa canjin wurin aiki. Kakar da ta biyo baya ina Dangora da fensir a bayan kunne, ina rubuta buhunan Baffa, ina kallon babban yatsansa yana aikinsa. In jirgin Kano ya tsaya da 'yan makaranta a ciki da fararen riguna, sai in sunkuya in yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin sikeli.

Damina biyu bayan haka kurkunu ya kama babana a ƙafa, wurin ya rube har ba ya iya takawa. Ƙannena ƙanana ne, saboda haka Goggo ta aiko aka kira ni. Na ɗora shi a jaki na ja shi har asibitin sha-ka-tafi na Kiru. Muka tarar da layi, mata da yara da tsofaffi cike da rumfa. Da aka zo kanmu malamin asibiti ya ɗauko kati zai rubuta, na miƙa masa takardar haraji ya kwafi sunan. Sannan ya ɗago ya dube ni ya tambaya mene ne majinyacin a wurina.

Shekara biyu ina jiran wani ya yi mini wannan tambayar. Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya yadda duk rumfar za ta ji.

"Ƙanen Baffana ne."

Na juya na dube shi don in ga maganar ta shige shi. Ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba har aka gama wanke ƙafar aka naɗe ta. A hanyar komawa ina jan jaki ina jin wani sanyi a ƙirjina, na ce yau dai ya ɗanɗana, yau ya san yadda abin yake.

Da la'asar ina zaune a ƙofar ɗakin Goggo ina ɗaure takalmi zan koma Dangora, sai ga ta ta fito daga turaka da ƙwaryar fura, bakinta har kunne. Ta ce albishirina. Ta ce babana ya ba ta labarin abin da ya faru a asibiti, yana faɗa yana share ido. Wai ya ce ashe wancan yana da kunya, boko bai lalata shi ba, a gaban jama'a aka tambaye shi amma bai zubar da mutuncin gida ba. Ya ce a dama masa fura da nono mai kyau kafin ya kama hanya.

Yabon da ya taɓa yi mini ke nan a duniya, shi ma ta bakin Goggo. Na ƙarasa ɗaure takalmina na tashi, furar tana nan a ƙasa inda ta ajiye ta.